Sarauniya Mangu ta Lugu

Lugu ƙauye ne a ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, cikin jihar Doso, kimanin kilomita 20 arewa maso gabas da Matankari. A nan ne Mangu ta riƙe sarauta shekara arba'in da ɗoriya, daga wajen 1865 zuwa wajen 1908, bisa jerin sarauniyoyin da aka tattara daga bakin dattawan garin. Mata da dama sun riga ta hawa wannan sarauta, wasu kuma sun gaje ta har zuwa zamanin nan. Duk da haka, idan aka ce Sarauniya a Nijar ba tare da an ƙara wani suna ba, ita ake nufi. Abin da ya jawo mata wannan matsayi yini guda ne, ranar 16 ga Afrilu 1899, da mutanenta suka tare ayarin sojan Faransa na Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine.

Tun da laƙabin sarautarta ne ya rikiɗe ya zama kamar sunanta na yanka, ya dace a ɗan tsaya a kan kalmar. Tushenta ɗaya da na sarki, wato sarak-, wanda yake fitowa ƙarara a jam'in sarakuna. Da aka liƙa masa ɗafa-ƙeyar mace -niya, irin ta mutuniya da marainiya, sai baƙin k ya faɗo a ƙarshen gaɓa, ya raunana ya koma u. Haka sarauta ta samu daga sarak- da -ta, haka talauci daga talaka, haka kuma ɓauna ta rabu da jam'inta ɓakane. Wannan ɓangare ne na dokar sauyin sauti da ake jinginawa ga Bajamushen masani August Klingenheben, wanda ya bayyana ta a ƙarshen shekarun 1920. Kalmar da ake kiran jama'ar Mangu da ita ma tana cikin labarin wannan doka: a yamma ana cewa azne da azna, a Kano z ɗin ya koma r aka sami arne da arna, a wasu wurare kuma anne da anna. Sai dai ma'anar ma ta rabu kamar yadda lafazin ya rabu. A bakin mutanen birane kalmar ta zama ta raini, amma a ƙasar Arewa suna ne na masu riƙe da al'adar kakanni, waɗanda ake ganin su ne suka ƙulla alkawari da ƙasar tun kafin kowa ya zo.

Mangu daga cikin waɗannan ta fito, daga Gubawa, waɗanda ake ɗauka su ne mazauna na farko a wannan ɓangare na kwarin Dallol Mawri. Labarin kafuwar Lugu, kamar yadda mutanen garin suke bayar da shi, yana komawa Daura. Daga can aka ce wata mace mai suna Ƴar Ƙasa ta taso da jama'arta, wani dutse mai suna Tunguma yana yi musu jagora, har suka iso inda dutsen ya tsaya. Ita ce Sarauniya ta farko. A Bagaji kuma, ba nisa da nan, aka kafa sarautar Baura, wadda namiji ke riƙewa. Sarautar yaƙi da mulki daga baya ta zo, kuma daga waje: labari ya ce wani ɗan sarkin Barno ya sauka a ƙasar, ya auri ɗiyar gidan Baura, aka haifi Akazama, wanda sarakunan Arewa suke danganta kansu da shi. Sunan ƙasar ma ana danganta shi da Ari, sunan wannan baƙo na Barno, don haka kada a rikita shi da arewa ta kusurwar duniya. Mutanen Arawa ne, ɗayansu Ba'are, Zabarmawa kuma suna ce musu Mawri. Masanin al'adu Marc-Henri Piault, wanda littafinsa kan tarihin Mawri ya fito a 1970, ya nuna yadda iko ya kasu gida biyu a wannan ƙasa. Akwai ƴan sarki, masu doki da takobi da haraji, waɗanda Matankari ta zama cibiyarsu. Akwai ƴan ƙasa, masu kula da ruwan sama da daji da amfanin gona da rantsuwa. A kan waɗannan na biyu Sarauniya take.

Ba a neman wannan sarauta, ba a kuma sayenta. Idan Sarauniya ta rasu sai a yi abin da ake kira tarkama: a ɗora gawarta a kan makara, maza su ɗauka, a tara matan zuriyar. Imanin mutanen Lugu shi ne gawar ce take juya masu ɗauke da ita har ta kai su gaban wadda za ta gaje ta. Ta wannan hanya ake zama Sarauniya a Lugu, kuma wadda abin ya faɗa wa ba ta da ikon cewa a'a. Daga ranar ta bar rayuwarta ta da. Takan sa fararen tufafi, ta zauna cikin ɗakinta na ciyawa, ta riƙa kaɗin auduga, ba ta yawo cikin gari balle tafiye-tafiye. Mutane ne ke zuwa wurinta, da neman ruwa idan damina ta yi jinkiri, da neman lafiya, da neman sulhu. Shari'ar da ta gagara, kamar ta sata ko ta gardamar gona, akan kai ta gaban Tunguma. Wanda ya saba da hoton jaruma a kan doki, da kwari da baka a kafaɗa, zai yi mamakin jin cewa mai wannan muƙami ba ta ɗaukar makami.

Mutanen jihar Maraɗi ba baƙi ba ne ga sarautar mata. Akwai Inna a fadar Gobir ta Tsibiri, akwai Iya a fadar Katsina ta Maraɗi, kuma dukansu suna da iko a kan sha'anin mata da na bori, suna da mabiya da kuma murya a fada. Bambancin shi ne su a gefen sarki suke, daga gidan sarauta suke fitowa, kuma da fada suke tafiya. Ta Lugu ba matar sarki ba ce, ba uwarsa ko ƴar'uwarsa ba ce. Asalin ikonta, a ganin jama'arta, ya girmi na sarkin kansa. Ta wannan fuska ta fi kama da sarauniyoyin da tarihin baka na Daura ya ce sun yi mulki kafin zuwan Bayajida, kuma ba banza ba labarin Lugu yake farawa daga can.

Zamanin da ta hau ba na kwanciyar hankali ba ne. Tun 1849 Kabawa suka yi wa Gwandu tawaye a ƙarƙashin Yakubu Nabame, kuma Arawa da Zabarmawa da mutanen Dandi suka mara musu baya. An kai wajen 1867 kafin a ƙulla sulhun da ake kira Lafiyar Toga, wanda ya bar waɗannan ƙasashe a wajen ikon daular Sakkwato. Daga arewa kuma hare-haren Abzinawa ba su yanke ba. Saboda haka shekaru talatin na farkon sarautarta sun wuce ne a ƙasar da ta saba da kare kanta da kibiya mai dafi da sanin daji, ƙasar da ta riga ta ƙi miƙa wuya ga maƙwabciyar da ta fi ta dawaki da yawan jama'a.

Abin da ya kawo mata Faransawa takarda ce da aka sa wa hannu a birnin Paris ranar 14 ga Yuni 1898. Faransa da Ingila sun raba ƙasar da ke tsakanin kogin Kwara da tafkin Cadi a kan taswira. Aka kafa tsinin alƙalami a kan Sakkwato, aka zagaya da baka mai nisan mil 100, wato kimanin kilomita 160, sannan iyakar ta bi layin digiri 14 zuwa gabas. Birnin Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi suka faɗa rabon Ingila. Faransa ta tashi da abin da ke arewa da layin, irin yankin da Dakoro take a yau. Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiyoyin wannan yanki cikin watan Afrilu ya san abin da wannan rabo yake nufi ga ayari mai yawa. An ɗora wa Paul Voulet, wanda ya ci Wagadugu da yaƙi a 1896, da Julien Chanoine, ɗan wani janar da ya taɓa riƙe ma'aikatar yaƙi ta Faransa, aikin bin wannan iyaka har tafkin Cadi, inda za su haɗu da wasu ayari biyu, ɗaya daga Aljeriya ɗaya daga Kwango. Turawan ayarin ba su kai goma ba. Sauran sojojin Afirka ne, da ƴan dako ɗaruruwa da aka kamo da ƙarfi, da mata, da garken dabbobi, har jimillar ta doshi mutum dubu biyu. Guzurin da aka ba su bai isa ba, don haka abincinsu da ruwansu sai daga garuruwan da ke kan hanya.

Tun a bakin kogi aka ga irin tafiyar da za a yi. A Sansane Hausa, cikin Janairu 1899, an kashe mutum 101, har da mata da yara. Daga nan ayarin ya riƙa ƙona garuruwa, yana kwashe rumbuna, yana kashe jagororin hanya da ƴan dakon da suka gaza. Labari ya riga shi isa ko'ina. Wasu garuruwan suka watse kafin ya iso, wasu suka fito da hatsi da shanu don su tsira, kuma ba kullum hakan ya tsirar da su ba. Cikin Afrilu ayarin ya yada zango a Matankari.

A nan ne Mangu ta shiga rubutaccen tarihi, kuma ta bakin maƙiyanta. Paul Joalland, ɗaya daga hafsoshin ayarin, ya ba da labarin a littafinsa kan abin da ya faru a Dankori, wanda ya fito a 1930. Ya siffanta ta da tsohuwar mayya, ya ce ta aiko wa Voulet saƙon cin fuska, tana shaida masa cewa za ta tare masa hanya, mayaƙanta kuma ba a cin su da yaƙi. Mayaƙan sun taru daga Lugu da Tungana da ƙauyukan kewaye. Voulet ya ɗebi wani sashe na sojojinsa ya nufe su, aka haɗu da sassafe ranar 16 ga wata. A fili ba a daɗe ba, domin sojojin sun ja sahu suna sakin wuta gaba ɗaya, kibiya kuwa ba ta kai inda harsashi ke kaiwa. Sai Azna suka ja da baya suka shige surƙuƙin dajin da ke kusa da garin, inda bindiga ba ta ganin abin harbi, kuma duk wanda ya kutsa ya shigo tazarar baka. A nan faɗan ya yi tsanani har bayan rana ta take tsaka. Lissafin Faransawan da kansu ya nuna an kashe musu mutum 4, an raunata 6, sun kuma ƙone harsashi wajen 7,000. Sun shiga Lugu sun same ta wayam, suka sa mata wuta. Sarauniya ba ta shiga hannunsu ba.

Idan aka auna da ma'aunin soja, Lugu ce aka ci. Mutanenta sun mutu da yawa, garin ya ƙone, ayarin kuma ya wuce gabas. Amma akwai abin lura a cikin alƙaluman. Harsashi 7,000 babbar asara ce ga rundunar da ba ta da inda za ta sake samun wani kafin tafkin Cadi, kuma ƙauye ne ya ja mata wannan asara, ba birni mai ganuwa ba. Mayaƙan da suka taru a Lugu ba sojan wani sarki ba ne da aka tilasta wa fita. Manoma ne da mafarauta da suka amsa kiran tsohuwar da ba ta da doki ko dogari, domin sun yarda ƙasar a hannunta take amana. Wannan shi ne aikin da Mangu ta yi a ranar, kuma ya fi harba kibiya wuya: ta sa mutanen da suka ji labarin Sansane Hausa suka tsaya.

Abin da ya biyo baya ya ƙara wa sunanta nauyi. A farkon Mayu ayarin ya afka wa Birnin Ƙonni, wadda take cikin rabon Ingila, aka yi kisan da har yau ake lissafa shi cikin mafi muni a tarihin mamayar Faransa. A can Paris kuwa, wasiƙar da Laftana Peteau ya rubuta bayan an kore shi daga ayarin ta riga ta isa hannun gwamnati, aka tura Laftanar-Kanar Klobb ya bi sawu ya karɓe jagoranci. Klobb ya bi ta garuruwan da suka zama toka da rijiyoyin da aka cika da gawa, ya cim ma Voulet a Dankori, kusa da Tasawa, ranar 14 ga Yuli. Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojojin ayarin suka juya wa shugabanninsu, suka kashe Chanoine ranar 16, Voulet kuma ranar 17, a wajen Maijirgi. Wata uku ke nan cif bayan yaƙin Lugu. Masana tarihi suna da bayaninsu a kan wannan ƙarshe, na rashin ɗa'a da tsoron hukunci da gajiyar sojoji. A ƙasar Arewa kuwa mutane da yawa sun ɗauka hannun Sarauniya ne ya bi su. Sauran ayarin ya ci Damagaram a ƙarshen Yuli, wani sashensa kuma ya kai Kusiri, inda aka kashe Rabe a Afrilun 1900.

Mutanen Lugu sun koma sun sake gina garinsu, kuma sarautar ta ci gaba a hannun Mangu har rasuwarta. Sai dai duniyar da ta koma cikinta ta sauya. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 sun gyara iyakar, suka ba Faransa hanya mai ruwa daga kogi zuwa Damagaram. Dogon Dutsi ta zama mazaunin hukuma, ta sha gaban Matankari. Mulkin mallaka yana bukatar wanda zai tara haraji, ya kawo ƴan aikin tilas, ya amsa kiran kwamanda, don haka ya riƙe ƴan sarki ya mai da su sarakunan kanto. Macen da al'ada ta hana ta fita daga gidanta ba ta da gurbi a wannan tsari. Abin da bindigar Voulet ba ta yi ba, rajistar haraji ta yi shi sannu a hankali: rabin ikon ƙasar Arewa, rabin da ke hannun ƴan ƙasa, ya fita daga lissafin hukuma. Yaɗuwar Musulunci a karkara cikin ƙarni na 20 ta ƙara rage masu zuwa Lugu.

Kalmar da Joalland ya zaɓa mata ta cancanci ɗalibin fassara ya dube ta da kyau. Hausa ta bambanta maye, wanda ake zargi da kama kurwa, da boka mai magani, da ƴar bori mai hawan iska, da mai riƙe da tsafin gari. Faransancin hafsan soja ya tattara su duka cikin kalma guda ta ƙyama. Idan aka maido da ita Hausa aka ce mayya, an juya matsayin Mangu ke nan gaba ɗaya, domin maye abin gudu ne a cikin al'umma, ita kuwa wurinta ake gudowa. Kalmar Faransanci ta matar sarki ko mai mulki, wadda aka fi fassara sarauniya da ita daga baya, ita ma ta ɗauko fada da rawani da runduna ta ɗora wa ɗakin ciyawa.

Wannan fassara ta biyu aikin Abdoulaye Mamani ce. Ɗan Gudumariya ne, an haife shi a 1932, ɗan gwagwarmayar jam'iyyar Sawaba, ya sha gudun hijira da kurkuku. A 1980 ya fitar da ƙagaggen labarinsa mai ɗauke da laƙabinta, ya ba ta abin da marubuci ke bukata: ƙuruciya, da uban goyo mai koya mata harbi da magani, da masoyi, da damisa a matsayin tambari, da jawabai na ƴanci. Ya mai da ita matashiya mai jan daga da kanta. Ba laifi ba ne ga mai ƙaga labari, kuma ba don shi ba da wataƙila sunan bai fita daga ƙasar Arewa ba. Amma yana da kyau mai karatu ya san cewa yawancin abin da ake faɗi a yau game da ƙuruciyarta daga wannan littafi ya fito. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da littafin fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987. A Burkina Faso aka ɗauke shi, Aï Keïta ce ta fito a matsayin Sarauniya, kuma harsunan da ake ji a ciki Julanci ne da Fulatanci da Faransanci. Wato Bahaushiyar da ta fi kowace suna a tarihin Nijar, duniya ta fara jin muryarta ne cikin wani harshe ba Hausa ba.

Har rubutun sunan ya bi ta wannan hanya. Siffar Sarraounia, wadda bangon littafin ya yaɗa, tana da r biyu, alhali babu ɗauri a kalmar. Ra-kaɗe ce guda ɗaya, irin ta sarki. Haruffan aou kuma dabarar Faransanci ce ta kama tagwan wasalin au. Shekaru da dama wannan rubutu ne ake gani a jikin makarantu da shaguna. Masu bincike irin su Antoinette Tidjani Alou ta Jami'ar Abdou Moumouni, da Boubé Namaïwa da abokan aikinsa, da Elara Bertho, sun koma ga mutanen Lugu da takardun ajiya don rarrabe matar da ta rayu da wadda aka ƙaga. Lambar girman da hukumomin Nijar suka ƙirƙiro da sunanta a 2023 ta ɗauki rubutun Hausa a kalmar farko, Sarauniya, ta bar ta biyu da rubutun Faransanci, Mangou.

A Lugu kuwa, kalmar ba ta taɓa zama sunan mutum ɗaya ba. Bayan Mangu an yi tarkama an sami wata, bayan ita ma haka. Dutsen Tunguma yana nan a wajen gari, kuma idan dattawan wurin za su ambaci wadda ta yi zamani da Voulet sai sun haɗa da sunanta na yanka, don a san wacce ake nufi a cikin jerin.